Shekarar da Mangwaron Baba Bai Yi Fure Ba

Ku 'ya'yana da kuka taso kuka tarar da ni da farin gemu, ana zuwa neman shawarata a kan harkar kaya daga Sin, ba ku san Sabi'un da nake so in ba ku labarinsa ba. Lokacin da na sauka Guangzhou shekaruna ba su kai arba'in ba, ina da takardar sakandare, ina da shago a Kano, ina kuma da wani ciwo da ban san ciwo ba ne: duk abin da na gani da idona sau ɗaya, sai in ɗauka na san shi har ƙarshensa. A ƙarshen shekarun casa'in ɗin nan baƙaƙen fata ba mu da yawa a garin. Idan muka taru a tsohon masallaci ranar Juma'a, mutanen Kano da 'yan Nijar da 'yan zangon Gana, kowa ya san kowa. Ɗakina yana kusa da tashar jirgin ƙasa, a hawa na shida, kuma tsohon filin jirgin sama bai da nisa, har jirgi kan wuce ta saman rufinmu kamar zai kwashe shanyar mutane. Tocila nake saye da fitilu masu batir ina aikawa gida. Kalmomin Sinanci da na iya ba su wuce huɗu ba: gaisuwa, da godiya, da lawban wato maigida, da meyo wato babu.

A gida kuwa, a ƙauyenmu na ƙasar Haɗeja, akwai lambun mangwaron da mahaifinmu ya bari, bishiya arba'in da 'yan kai a bakin fadama. Ƙasar wurin kanwa ce da ita. Da rani za ka ga fari-fari ya fito a samanta, awaki suna lasa. Mutane sun ce wa Baba mangwaro ba zai yi a nan ba, ya ci gaba da dashensa, har ya yi. Bayan rasuwarsa lambun ya koma hannun wana, Yaya Ila, wanda bai taɓa zama a aji ba, amma tun yana yaro yake bin Baba da kwando. Daga lambun nan gidanmu yake ci, Inna da iyalin Yaya da ƙannenmu mata. A shekarar da nake magana Yaya ya ƙara dashen wasu ƙanana goma sha biyar, irin mangwaron nan binta siga, da hannunsa ya yi musu aure, wato ya ɗaura reshen wata a jikin wata, yana ji da su kamar 'ya'yansa.

Wata rana da damina, ana wani irin zafi mai gumi da ba mu da shi a gida, mai masana'antar da nake sayen tocila a wurinsa, Lawban Cen, ya ɗauke ni a motarsa ya kai ni ƙauyensu a bayan gari don in ga inda ake haɗa kayan. Da muka gama ya ce sai na gaisa da mahaifinsa. Muka tarar da tsohon a gonarsa a gefen tudu, ɗan siriri, da malafa, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Ina ɗaga kai na ga mangwaro. Ban taɓa ganin bishiya gajera haka da 'ya'ya haka ba, har an tokare rassan da gora. Wasu an gama tsinke su, wasu ana kan tsinka. A gindin waɗanda aka gama, tsohon ya haƙa kwari ya zagaye, yana zuba takin zamani, yana barbaɗa farar ƙasa irin wadda ake ƙonawa daga dutse, yana rufewa, sannan a kwarara ruwa. Na tsaya ina kallo, zuciyata tana can bakin fadamarmu. Na tambayi Lawban Cen da guntun Turancinmu ko wannan ne sirrin. Ya yi dariya ya ɗaga babban yatsa. Na ce yaushe ake zubawa. Ya nuna ƙasa ya ce, yanzu. Na ciro takarda na rubuta: kamfa, yuriya, farar ƙasa, ruwa mai yawa. Iyakar bincikena ke nan. Ban tambayi me ya sa sai bishiyar da aka gama tsinka ake ba ba. Ban tambayi aikin da farar ƙasar take yi ba. Jar ƙasar da ke manne a takalmina ma ban kalle ta ba.

A wancan zamanin ba a ɗaga waya a kira ƙauye. Kaset muke yi. Ka zauna ka faɗi duk abin da ke ranka a rediyo, ka ba mai tafiya gida, a can a taru a tsakar gida a saurara. Ban samu mai tafiya da na yarda da shi ba sai bayan babban baje kolin da ake yi a garin da kaka, da wani ɗan kasuwa na Kano ya tashi komawa. Kenan wata uku sun wuce tsakanin abin da na gani da ranar da na yi kaset ɗin, ban kuwa kawo wannan a raina ba. Na gaida Inna, na gaida kowa da sunansa, sannan na gyara murya na shiga bayani kamar malamin gona. Na ce na ga yadda waɗanda suka ci gaba suke yi. Na ce da zarar kaset ɗin nan ya iso, a sayi kamfa da yuriya da farar ƙasa, a zuba wa kowace bishiya, babba da ƙarama, a tayar da inji a ba su ruwa sosai. Na ce yaron shagona a Kano zai kawo kayan har ƙofar gida.

Bayan kamar mako uku saƙo ya zo mini cewa Yaya Ila yana son magana da ni. Sai da ya hau mota ya je cikin Haɗeja, shagon wani mai tarho, ya zauna jira. Ni kuma na je wurin kiran waya na bakin titinmu da la'asar, lokacin da gari bai daɗe da wayewa a can ba. Layin yana ta ƙara, muryarsa tana zuwa a makare.

"Sabi'u, mun ji saƙonka, Allah ya saka. Amma ka bari sai ruwa ya sauka."

"Yaya, me za a jira? Kaya sun iso."

"Yanzu ba lokacin ci ba ne a wurinsu. Damina ta wuce, sanyi ya kusa. Mangwaro sai ya ji yunwa da ƙishirwa yake fure. Idan ka ƙosar da shi yanzu ganye zai yi maka. Baba bayan an gama tsinka yake ba su, da ruwan farko, takin tumaki, kaɗan-kaɗan. Kuma farar ƙasar nan ban gane mata ba. Ƙasarmu ko toka ba ta so, ka manta Baba ba ya bari a zubar da toka a lambu?"

Ban manta ba. Da ya faɗa sai na tuna, har na ga Baba yana korar ƙanwarmu da kaskon toka a hannunta. Amma akwai 'yan Kano biyu a bayana suna jiran layi, suna jin duk abin da nake faɗa, kuma ni ne wanda ya hau jirgi.

"Yaya, zamanin Baba daban, yanzu daban. Ni na gani da idona. Kai ina ka je ka gani?"

Sannan ya ce:

"Ban je ko'ina ba."

Ban tsaya nan ba. Na sa aka kai wa Inna saƙo cewa ina ƙoƙarin ɗaga gidan, Yaya yana hanawa. Inna tana alfahari da ni fiye da kima, duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa hotona a gaban wani dogon gini. Ta kira Yaya, gaban matarsa da 'ya'yansa, ta ce ya yi abin da ƙaninsa ya ce ko ya fita daga lambun ubansa. Ya yi. Daga baya aka gaya mini ya roƙi a bar masa ƙananan dashen nan goma sha biyar kawai, Inna ta ce a kaset an ce babba da ƙarama.

Kaset ɗin amsa ya same ni bayan ƙaramar salla. Na dawo daga cin taliya a shagon Musulmin Sin da ke lungunmu, da rana tsaka, na kunna shi ina cire takalmi. Muryar Inna ce ta fara, ba ta ko ja gaisuwa ba. Ta ce lambunan maƙwabta duk sun yi fari da fure, ƙudan zuma har ba a jin magana, namu kuwa ganye ya tofo kamar damina, babu fure ko na rantsuwa. Ta ce sabon ganyen ma ba kore ba ne, ruwan ɗorawa ne fatau, sai jijiyoyinsa kawai ke da ɗan kore, bakinsa yana ƙonewa. Ƙananan kuwa sun fara bushewa daga sama. A bayan muryarta ina jin tari, ina jin kukan jariri, ina jin wata ƙanwarmu tana cewa a tambaye shi me za mu ci bana. Daga ƙarshe aka ce Yaya ya yi magana. Aka ji motsin rediyo, aka ji numfashinsa. Ya ce, "Ina gaishe ka." Shi ke nan abin da ya faɗa.

A nan ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Kuskuren taki kuskure ne, kowa yana iya yi. Amma ni na zauna a bakin gado, na sa sabon kaset, na ce abin da na faɗa daidai ne, a wurin aiki aka samu matsala. Na ce wanda bai iya karatu ba ba zai gane awo ba, wataƙila ya zuba ninki biyu. Har na ce wani lokaci idan mutum ba ya son abu, yakan yi shi yadda ba zai yi kyau ba don a ce ya yi gaskiya. Wannan jimlar na faɗe ta da bakina, a kan wana, wanda ya goya ni ya haye da ni fadama lokacin da ruwa ya cika. Aka kunna ta a tsakar gida kowa yana ji. Inna ta karɓe lambun daga hannunsa ta ba wani ɗan ƙanenta. Yaya bai yi musu ba. Kafin damina ya kwashe iyalinsa ya koma wani ƙauye a bakin kogi, yana noman rani a gonar aro.

Don in tabbatar wa kowa ni ne mai gaskiya, na sa aka ɗebo mini ƙasar lambun a gwangwanin madara, wani mai zuwa baje kolin bazara ya taho da ita cikin kayansa. Niyyata in kai wa tsohon nan ya duba, ya faɗi awon da ya dace, in aika gida a ga inda Yaya ya kauce. Wannan karon na nemi mai fassara na gaske. Akwai Malam Iddirisu, mutumin zangon Kumasi, wanda karatu ya kawo shi Sin tun da daɗewa, ya zauna yana yi wa mutane dillancin jirgin ruwa. Ya girme ni, mutum ne mai fara'a amma ba ya rufa-rufa. Muka tafi da hantsi. Shi tsohon, yarensu na kudu kawai yake ji, don haka sai ya faɗa wa ɗansa, ɗan ya faɗa wa Malam Iddirisu, shi kuma ya juyo mini da Hausa. Kowace magana sai ta bi ta bakin mutum uku kafin ta iso ni, ina tsaye ina kallon fuskokinsu tana tahowa.

Tsohon ya zazzage ƙasar a tafin hannu, ya murza, ya shinshina, ya ɗan taɓa a harshe ya tofar. Ya ƙwala wa matarsa kira, ta fito da kwalbar ruwan tsamin da suke zuba wa abinci. Ya zuba ƙasarmu a faranti ya ɗiga mata. Nan take ta hau kumfa tana tsiii, kamar an zuba kanwa a tsamiya. Ya duƙa ya ɗebi tasa jar ƙasar ya ɗiga mata, ko motsi ba ta yi ba.

"Ya ce ƙasarsa tsami ne da ita," in ji Malam Iddirisu, "shi ya sa yake ba ta farar ƙasa, don ta kashe tsamin. Taku kuwa ta riga ta cika da abin. Ya ce wanda ya ƙara mata farar ƙasa ya ɗaure wa bishiya baki, abinci yana gabanta ba za ta iya ci ba. Yana tambaya, ba dai an zuba ba?"

Na ce an zuba. Maganar ta bi layi ta koma. Tsohon ya tambayi watan da mangwaronmu yake fure, da watan da aka ba shi taki da ruwa. Na faɗa. Da ta isa kunnensa sai ya yi 'yar dariya, ya dubi fuskata, dariyar ta tsaya. Ya yi doguwar magana yana nuna bishiyoyinsa, waɗanda a lokacin suke ɗauke da ƙananan 'ya'ya.

"Ya ce shi bayan tsinka yake ciyarwa, lokacin da bishiya ta gaji kuma akwai ruwa. Idan fure ya kusa, hannunsa yake ɗaukewa gaba ɗaya. A irin ƙasarku kuma ya ce takin dabbobi ya fi, na zamani sai kaɗan-kaɗan, a binne shi, kada a bar shi a sama. Yana tambaya, babu manomi a gidanku ne?"

"Akwai wana."

"Shi me ya ce?"

Da na so, da na yi ƙarya, ba wanda zai sani. Amma tsohon yana kallona da idanun nan nasa masu ruwa-ruwa, sai na ji bakina yana faɗin abin da Yaya ya faɗa a waya, kalma bayan kalma, har da maganar toka. Malam Iddirisu ya juya, Lawban Cen ya juya. Tsohon ya gyaɗa kai sau da yawa. Ya shiga ɗaki ya fito da wata 'yar wuƙar aure mai ƙotar katako, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Ya ce ka kai wa wanka. Ya ce ka gaishe shi, manomi ne."

Na karɓa, na ce shiyeshiye, wato na gode, ita kaɗai ce kalmar da ta zo mini. Muka shiga mota muka dawo gari. Malam Iddirisu ya san rabin labarin, ragowar kuma ya karanta a fuskata. Da muka sauka ya riƙe hannuna a bakin titi, ya ce:

"Ɗan'uwa, ga wurin waya can. Yanzu gari ya waye a gida. Ka aika a kira shi yau."

Na ce layi ba ya da kyau a irin wannan lokaci, sai gobe. Gobe na ce kaya sun iso tashar ruwa, sai na gama da su. Na sa kaset a rediyo ya fi sau biyar, in yi sallama, in gaida Inna, in kai bakin maganar, sai in kashe. Abin da na iya yi kawai shi ne na aika wa ɗan ƙanen Inna cewa kada a sake zuba farar ƙasa, a koma takin tumaki da ruwan farko, na ce sabon bincike ne na samo. Har shawarar Yaya na sace na sa mata sunana. Malam Iddirisu bai sake tayar da zancen ba, amma daga ranar, idan muka haɗu a masallaci, gaisuwa kawai muke yi.

Sai bayan shekara biyu na je gida. Manyan bishiyoyin sun fara farfaɗowa, ƙananan goma sha biyar kuwa uku ne suka rayu. Na hau babur na je ƙauyen da Yaya yake. Na same shi cikin albasa, ya rame, yana jan ruwa. Muka zauna a kan kunya, na ba shi wuƙar, na faɗa masa komai, da faranti da kumfa da saƙon tsohon. Ya juya wuƙar a hannunsa, ya gwada kaifinta a farce.

"Wuƙa mai kyau," ya ce. "Sabi'u, ni ai na sani tun ranar. Ba ni za ka faɗa wa ba. Ni ban riƙe ka ba, Allah ya gani. Amma yaran nan nawa suna ji ana cewa ubansu ya kashe lambun kakansu don baƙin ciki. A tsakar gida aka faɗa. Idan za ka gyara, can za ka je."

Na ce in sha Allahu kafin in koma. Na zo gida na tarar da Inna ta tara mata ana ta shigowa ganin ɗanta na Sin, tana rarraba musu tocila. Na ce bari baƙi su ragu. Baƙi suka ragu, na ce ba ta jin daɗin jikinta, kada in tayar mata da hankali. Hutuna ya ƙare na koma Guangzhou. Inna ta rasu a shekara ta gaba, tana ganin babban ɗanta ne ya cuce ta. Yaya ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya, ya koma a ranar. Shi ma yau shekararsa goma sha ɗaya a ƙasa. Ko sau ɗaya bai sake yi mini zancen ba, duk salla kuma sai ya aiko mini da buhun albasa.

Na san abin da kuka taso kuna ji game da Baba Ila, na kuma san wasunku sun maimaita shi, domin na taɓa ji da kunnena a bakin ɗayanku a wajen wani biki, na yi kamar ban ji ba. Ba laifinku ba ne, daga bakina ya fito. Wan ubanku bai ƙara awo ba, bai yi ha'inci ba, bai yi baƙin ciki da kowa ba. Ya faɗi gaskiya, aka tilasta shi, ya yi biyayya ga uwarsa, sannan ya ɗauki laifin ƙaninsa ya tafi da shi kabari.

Ƙafafuna ba sa kai ni Haɗeja yanzu sai an ɗauke ni, to ku ɗauke ni. Kai Isma'ila, tunda sunansa ka ci, kai za ka je ka gayyato 'ya'yansa da jikokinsa, da ƙannena mata da suka rage, da duk wanda ya ji wancan zance yana da rai. A shimfiɗa tabarma a gidan Baba. Idanuna ba sa ganin rubutu sosai, amma kada wani ya karanta mini. Ku dai riƙe mini takardar kusa.